Ƙaiƙayin kare a ƙarshen damina: daga ina za a fara?

Maigida_Barnawa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana a kan karen gadi da ke gidanmu a Kaduna. Namiji ne, ruwa biyu, uwarsa 'yar gida, ubansa Alseshan, shekararsa biyu da 'yan watanni, nauyinsa kilo 24. Bara ya kama susa tun watan Agusta, bai lafa ba sai da hunturu ya kankama. Bana ma ga shi ta dawo a daidai wannan lokaci. Yini yake yana lasar tafin ƙafafunsa na gaba har gashin wurin ya rine ya koma ja-ja, yana goga fuska a ƙasa, yana kaɗa kunne. Hammatarsa da cikinsa sun yi ja, akwai 'yan ƙuraje, kuma wari yake yi ko da jiya aka yi masa wanka. Mai gadi ne ke wanke shi da garin sabulun wanki sau ɗaya a mako. An taɓa yi masa allura guda, ya samu sauƙi na 'yan kwanaki, abin ya dawo fiye da da. Abincinsa ragowar tuwo da shinkafa ne, da kan kaza da ƙashi. Wasu sun ce borin jini ne na yanayi, wasu sun ce ƙazuwa ce, a shafa masa baƙin mai. Akwai yara a gidan, da kyanwa ɗaya. Daga ina zan fara, kuma wane magani ne ba zai cutar da shi ba?

Likita_Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam. Da farko a jingine maganar baƙin mai gaba ɗaya. Yana ƙona fatar da dama ta riga ta ji ciwo, kare kuma zai lashe shi ya shiga cikinsa.

Abin da ka zayyana ya yi kama da borin fata na yanayi, wato jikin kare ya ƙi jinin wani abu da ke cikin iska ko a ƙasa: garin furen ciyawa, fumfuna, ko ƙananan ƙwarin da ke rayuwa a ƙurar shimfiɗa waɗanda ido ba ya gani. Shekarunsa sun dace, domin wannan ciwo yakan fara ne tsakanin wata 6 da shekara 3. Wuraren ma sun dace: tafin ƙafa, fuska, kunne, hammata, matse-matsi. Sai dai babu gwajin da zai tabbatar da shi kai tsaye, ana gane shi ne bayan an kawar da sauran abubuwan da ke sa susa. Kuma dawowarsa duk Agusta ba ta isa hujja ba a ƙasarmu, tunda damina ita ce kakar ƙuma da kaska da tsutsar ƙuda. Don haka da ƙwari za a fara.

Ka sa a tsayar da shi a kan farar takarda ko farin ƙyalle da aka ɗan jiƙa, a taje gashin gindin wutsiya da gadon baya da matsefi mai ƙananan haƙora. Idan baƙaƙen ɗigo sun zubo, suka narke suka koma ja a kan danshin, kashin ƙuma ne, jinin karen ne da ta sha. Rashin ganin ƙumar kanta ba ya nufin babu ita. Karen da jikinsa bai jitu da yawun ƙuma ba, cizo kaɗan ya ishe shi susar kwanaki, kuma yana haɗiye su wajen lasa da cizon jiki.

Sai ƙazuwa. Iri biyu ce a kare, kuma bambancin yana da muhimmanci. Mai yaɗuwa, wadda ƙwaron Sarcoptes ke kawowa, tana kama gefen kunne, gwiwar ƙafar gaba, idon sawu da ƙirji, da ɓawo da susa mai tsanani ba dare ba rana. Ka murza gefen kunnensa tsakanin yatsu biyu. Idan ƙafar baya ta fara harbin iska kamar yana susa, akwai zargi mai ƙarfi. Ita ce ke tsallakawa ga mutane, don haka ka duba hannun mai gadi da ƙugunsa, da na yaran, ko akwai ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi. Ɗayar, ta ƙwaron Demodex, ba ta yaɗuwa zuwa mutum, tana zubar da gashi ne tabo-tabo a fuska da ƙafafu, kuma ita ce allurar rage kumburi ke ƙara wa wuta. A asibitin dabbobi za a kankari fata a duba a madubin likita. Demodex na fitowa da sauƙi, amma Sarcoptes sau da yawa ba a ganinsa ko da yana nan, shi ya sa idan alamu sun nuna, magani ake yi ko da gwajin bai nuna komai ba. Asibitin dabbobi na jiha zai iya wannan kankara, haka ma asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Hanya mafi sauƙi yanzu ita ce ƙwayar taunawa da ke kashe ƙuma, kaska da ƙwaron ƙazuwa a lokaci guda. Bravecto mai miligiram 1000 shi ne na kare mai kilo 20 zuwa 40, guda ɗaya tare da abinci, yana aiki mako 12. NexGard mai miligiram 68 na kare mai kilo 10 zuwa 25 ne, duk wata. Idan karen yana da farfaɗiya, a gaya wa likita kafin a ba shi kowanne. Idan kuɗi bai kai ba, akwai allurar ivermectin, miligiram 0.2 zuwa 0.4 ga kowane kilo a ƙarƙashin fata, duk kwana 14, sau uku. A kare mai kilo 24, da ruwan allura mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, abin bai kai mililita ɗaya ba, wajen 0.7 ne. A nan ake yawan yin kisa, domin masu auna ta da idon mai yi wa shanu allura sukan zuƙo mililita uku ko huɗu. Tana kuma illa ga jinsin Collie da danginsa da ƙananan kwikwiyoyi, kuma ba ta maganin ƙuma. Likita kaɗai ya yi ta.

Warin da ka ambata da ƙurajen, ciwo ne na biyu da ya hau kan na farko. Fatar da aka sosa ta yi rauni, sai bakteriya da wata fumfuna mai suna Malassezia su yi yawa, su kuma da nasu ƙaiƙayin. Muddin ba a kashe su ba, ba za ka san ainihin ƙarfin borin ba. Garin sabulun wanki yana kwashe man fatar kare ƙarƙaf, ya bar ta a tsattsage, a daina yau. A nemi sabulun ruwa na karnuka mai chlorhexidine kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, idan an samu wanda aka haɗa da miconazole ya fi. A jiƙa shi da ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi, ban da mai zafi. A cuɗa har fata, tsakanin yatsu da hammata da ƙarƙashin wuya, a bar kumfar minti 10 cur ana duba agogo, sannan a ɗauraye sosai a tsane. Sau biyu a mako na mako uku zuwa huɗu. Wannan minti 10 ɗin shi ne maganin. Wanda ya shafa ya wanke nan take ya zubar da kuɗinsa ne. Tunda mai gadi ne ke yi, ka tsaya a kansa karon farko, ka kuma saya masa safar hannu.

Kunnen kuma kar a cusa masa tsinken auduga, kar a ɗiga komai sai likita ya leƙa ya ga dodon kunnen bai fashe ba. Wasu magungunan ɗigawa, irin masu gentamicin, suna iya kurmantar da kare idan akwai huji.

Sarkin_Dawa:

Likita ya yi bayanin jikin kare, Allah ya saka. Ni zan yi maganar makwancinsa, domin nan ake yawan faɗuwa.

Ƙumar da ke jikin kare kaɗan ce daga cikin abin da ke gidan. Macen na iya saka ƙwai 40 zuwa 50 a rana, suna zubowa a inda yake kwanciya, su ƙyanƙyashe a cikin yashi da tsumma da tsagar siminti. Wasu kan zauna cikin kwansonsu watanni suna jiran motsi. Shi ya sa ake cewa a yi magani wata uku a jere ba fashi. Kyanwar nan ta gidanka, Malam, ita ma dole a yi mata, in ba haka ba ita za ta riƙa dawo da ƙumar. Amma a yi hattara: maganin kare mai permethrin yana kashe kyanwa, ko da gogar jikin karen ta yi bayan an ɗiga masa. A saya mata nata daban, mai fipronil na kyanwoyi.

Buhu ko tsumman da yake kwana a kai, a wanke da ruwan zafi duk mako a shanya a rana tsaka, ko a ƙone a sake. Ɗakinsa a share, a toshe tsagar bango da siminti. Jar kaskar kare ba a daji take zaune ba, a tsagar bango da ƙarƙashin rufi take saka dubban ƙwai, don haka feshin da ya tsaya a ƙasa bai yi komai ba, sai an bi bango har sama. Idan da amitraz za a yi, mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari, mililita 2 ne a lita ɗaya ta ruwa, a auna da sirinji, ba da murfin kwalba ba. A fitar da kare da kwanon abincinsa, sai wurin ya bushe ya koma. Fiya-fiya da kananzir da maganin feshin gona kar su kusanci jikinsa. Alamar ya sha guba ita ce dalalar da yawu, rawar jiki, amai, da tangaɗi. A wanke shi da ruwa mai yawa a garzaya asibiti.

Tunda ƙafa ce ta fi damunsa, a buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya a haske. Daga Satumba zuwa Nuwamba ƙarangiya da tsinken ciyawa na maƙalewa a nan, su huda fata su yi ƙurji. Bambancin shi ne ƙaya takan kama ƙafa ɗaya, bori kuwa biyu ko huɗu. Tsutsar ciki mai ƙugiya ma 'ya'yanta na shiga ta tafin ƙafa idan kare na tsayuwa a jiƙaƙƙen yashin da ya yi kashi a kai, su sa ja da lasa. A kwashe kashi kullum, a ba shi maganin tsutsa duk wata uku.

Ƙurajen cikin nan kuma a dube su da kyau. Idan ƙurji ne mai tauri da ɗan huji a tsakiya, wani abu na motsi a ciki, tsutsar ƙuda ce. Ƙudan na saka ƙwai a busasshen yashi mai inuwa da fitsari ya taɓa, tsutsar ta shiga fata idan kare ya kwanta. A toshe hujin da Vaseline, a jira ta leƙo neman iska, a matsa gefe da gefe ta fito ɗungurungum. Kar a fasa ta a ciki. A ɗaga makwancinsa daga ƙasa da katako. Idan kuma bakin kunnensa na sama ne ke jini da baƙin ɓawo, cizon ƙuda ne, ba bori ba. Man shafawa mai korar ƙuda da kwashe shara ne maganinsa.

Maigida_Barnawa:

Na gode ƙwarai, Likita da Sarki, Allah ya ƙara ilimi. An yi gwajin takarda, ɗigo kaɗan sun koma ja. Murza kunne bai sa ya harba ƙafa ba, kuma babu mai susa a gidan. Duka ƙafafun gaba biyu ne suka yi ja, babu ƙaya. Za mu sayi ƙwayar da sabulun. Amma kafin su kama aiki, ba ya barci da dare. Wani ya ce a ba shi Piriton. Ya halatta? Nawa?

Yar_Kemis_Jos:

Malam, ana ba kare irin waɗannan, sai dai kar ka ɗora musu buri mai yawa. Ƙaiƙayin kare ba duka ne ke bin hanyar da waɗannan ƙwayoyi ke toshewa ba, shi ya sa karnuka kaɗan ne ke samun sauƙi sosai da su. Sun fi amfani idan an fara su kafin susa ta yi ƙarfi. Piriton, wato chlorpheniramine, ƙwaya ɗaya miligiram 4 ce. Kare mai kilo 24 zai iya shan ɗaya zuwa biyu, sau biyu a rana, kuma yana sa barci. Cetirizine ya fi sauƙin bayarwa: kimanin miligiram 1 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, wato ƙwaya biyu masu miligiram 10 gare shi. A gwada ɗaya daga cikin magungunan biyu na mako biyu, in bai yi ba a bar shi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne karanta bayan kwali. Maganin mura da aka haɗa abubuwa da yawa a ciki, mai paracetamol ko pseudoephedrine ko sinadarin caffeine, kar ya shiga bakinsa. Pseudoephedrine na sa bugun zuciya da zabura har ya kai ga mutuwa. Ibuprofen da diclofenac na huda cikin kare su lalata ƙoda, ko da kaɗan ne. Man shafawa na mutane mai haɗin uku-cikin-ɗaya da ake sayarwa ko'ina, kare zai lashe shi, kuma idan aka daɗe ana shafawa fata na sirancewa.

Man kifi yana taimaka wa fata, amma a hankali yake aiki, mako 8 zuwa 12. Kafso na miligiram 1000 da aka saba gani yana ɗauke da miligiram 180 na EPA da 120 na DHA, wato sinadaran man da ke yi wa fata aiki. Ana ba da kimanin ɗaya ga kowane kilo 5, wato huɗu zuwa biyar gare shi a rana cikin abinci. A fara da biyu a riƙa ƙarawa, don kar ya yi zawo. Ba man hantar kifi nake nufi ba; shi yana da bitamin A da D masu yawa, a wannan adadi za su taru su yi illa.

Idan likita ya ga ƙurajen sun yi zurfi har ya rubuta maganin ƙwayoyin cuta, cefalexin aka fi rubutawa, miligiram 22 zuwa 30 ga kowane kilo sau biyu a rana, kuma yakan ɗauki wajen mako uku. Amoxicillin zalla ko ampicillin ba sa yawan cin bakteriyar fatar kare. Dakatarwa a kwana na biyar don ƙuraje sun bushe shi ke sa su dawo su ƙi jin magani. Ƙwayar ƙuma kuwa ka saye ta a hannun likitan dabbobi, ka duba ranar ƙarewar aiki da hatimin kwali, domin kaya masu tsada irin wannan su ake yi wa jabu.

Likita_Samaru:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Tunda an ga kashin ƙuma, mai yiwuwa abu biyu ne suka haɗu, ƙuma da bori, kowanne na ƙara wa ɗaya nauyi. Sau da yawa cire ƙuma da ciwon fata kaɗai na sauko da susa zuwa inda kare zai iya jurewa.

Game da rashin barci: allurar da aka yi masa a baya, bisa yadda ka kwatanta, irin ta dexamethasone ce. Tana kashe susa nan take, amma ba ta taɓa sanadin ba, kuma in aka yi ta maimaitawa tana raunana garkuwar jiki, ta kumbura ciki, ta zubar da gashi, har ta jawo ciwon suga. Idan ana buƙatar irin wannan taimako, ƙwayar prednisolone ta fi, domin ana iya rage ta ko tsayar da ita. Ana farawa da miligiram 0.5 ga kowane kilo a rana, wato ƙwaya biyu da rabi masu miligiram 5, da safe tare da abinci, kwana 5 zuwa 7, sannan a koma rana ɗaya a tsallake ɗaya, a janye. Zai sha ruwa da yawa ya yi fitsari da yawa, kar a hana shi ruwa. Ba a haɗa ta da maganin ciwon jiki, kuma ba a fara ta sai an kankari fata an ga babu Demodex. Wanda ke da hali, Apoquel na yin wannan aiki ba tare da yawancin waɗannan illoli ba: miligiram 0.4 zuwa 0.6 ga kowane kilo, gare shi ƙwaya biyu masu 5.4, sau biyu a rana na kwana 14, daga nan sau ɗaya. Ba a ba karen da bai kai shekara ɗaya ba. Akwai kuma allurar Cytopoint mai riƙewa mako 4 zuwa 8, sai dai tana buƙatar firji tun daga inda aka kawo ta, don haka ka tambayi yadda aka ajiye ta.

Idan wani wuri ya ɓare dare ɗaya, ya yi ja yana fitar da ruwa, a aske gashin kewayensa har a wuce iyakar jan, a wanke da povidone iodine da aka sirka kashi ɗaya cikin goma na ruwa, ya koma kalar shayi marar madara, sau biyu a rana, a bar shi ya sha iska. Don hana lasa, a fasa gindin tsohon bokitin roba, a naɗe bakin da tsumma, a ɗaure shi a igiyar wuyansa ta yadda yatsu biyu za su shiga tsakani.

Ka samu littafi ka riƙa ba susar maki daga 0 zuwa 10 duk yamma, mutum ɗaya ne zai riƙa bayarwa. Bayan mako shida na maganin ƙuma da wanka, makin zai nuna maka abin da ya rage. Idan ya sauka ƙasa da 3, ƙwari ne suka fi yawa a lamarin. Idan lasar ƙafa da kunne sun ci gaba sai da ciyawa ta bushe, borin yanayi ne, kuma shi ba a warkar da shi, lallaɓa shi ake yi duk shekara. Badi sai ka riga shi: man kifi daga Mayu, ƙwayar ƙuma daga farkon ruwa ba fashi, wanka sau ɗaya a mako daga Yuli, a nome ciyawar gidan kafin ta yi fure, a hana shi shiga raɓa da sassafe, kuma duk ya dawo daga ciyawa a ɗauraye ƙafafun da ruwa zalla a tsane tsakanin yatsu. Da hunturu a rage wanka zuwa sau ɗaya a mako biyu ko uku, domin bushewar iska ma na sa amosani da susa. Ɗan man kaɗanya a tafin ƙafa da gwiwa ya isa.

Idan kuwa hunturu ya zo ya wuce susa ba ta tsaya ba, sai a zargi abinci. Naman sa, kaza, madara da alkama ne aka fi kamawa da laifi. Gwajinsa mako 8 ne cur a kan nama ɗaya da bai saba ci ba, misali zomo ko kifi, da abu ɗaya mai sitaci kamar dankalin Hausa, babu ragowar tuwo, babu ƙashi, babu ɗan biredin da yara ke jefa masa ta taga. Idan ya samu sauƙi, sai a mayar masa da kan kazar a gani. In abincin ne, susar za ta dawo cikin kwana 14.